Me ya hana mu yin kostik soda da kanmu?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na je sayen kostik, buhun nan mai kilo 25, na dawo da rabin buhu don kuɗin da na riƙo bai kai ba. Shekarata shida ina sabulu, kuma tun da na fara ban taɓa cin karo da buhun da aka rubuta sunan wani garinmu a jikinsa ba, daga na Sin sai na Indiya. Da na dawo ina mita, yarona da ke aji biyar na sakandare ya ce mini ai da gishiri da ruwa da wutar lantarki kawai ake yin sa. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci. In dai haka ne, me ya hana mu? Muna da yawa a zauren nan, adashi ma muna yi. Don Allah masu ilimin abin ku warware mana: yaya ake yin sa a masana'anta, nawa yake ci, kuma in mun haɗa kuɗi za mu iya sayen ƙaramin inji?

Alhaji Dila: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi haƙuri, mu ma da muke sayar muku ba daɗinsa muke ji ba. Maganar dala ce. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ya tsallako teku ya tashi. Ki ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na kwastan, da kwanakin da kwantena ke yi a tashar Legas, da tirelar da za ta kawo shi Kano tana shan dizal. Kafin buhu ya iso rumfata ya bi ta hannu huɗu ko biyar. Ribar da ke shigo mana ba ta taka kara ta karya ba. Ni dai a ganina ranar da naira ta yi daraja, ranar kostik zai sauko.

Ɗalibi: Anti, gaskiya yaronki ya faɗa. Ni ma na gwada a gida. Na ciro baƙin sandan da ke cikin tsohon batirin tocila guda biyu, na jona su da caja, na tsoma a kofin ruwan gishiri. Nan take suka fara tsattsafo da kumfa. Sai dai warin da ya tashi ya sa ni tari sosai har idona ya yi ja, kuma ruwan ya koma wari irin na haifo, ruwan bilic ɗin nan na wanki. Ina ganin in aka samu babban batir da sola abin zai yiwu.

Injiniya: Ƙanina, don girman Allah kada ka sake. Abin da ka shaƙa iskar kulorin ce. Ita aka saki a fagen yaƙi a Beljiyam a watan Afrilun 1915 ta hallaka sojoji. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya, inda ƙananan yara ke wasa. Ɗaya kumfar kuma haidurojin ce, wadda in ta haɗu da kulorin a rufaffen wuri fashewa suke yi. Allah ya tsare ka da ƙaramin kofi ne.

Hajiya, na yi shekaru ina aiki a irin wannan masana'anta a wata ƙasar Larabawa, bari in ba ki yadda abin yake tun daga ƙofar shiga.

Farko gishiri. Ana narkar da shi har ruwan ya ƙoshi, wajen giram 300 a kowace lita. To a nan wahala ke farawa, don gishirin da ido ke gani fari tas cike yake da abin da injin ba ya so, musamman kalsiyom da magniziyom, waɗannan da ke sa ƙasan butar shayi ta yi farin ɓawo. Sai a zuba soda ash, wata farar hoda dangin kanwa, da ɗan kostik su kwantar da su, a bar ruwan ya natsu a babban tanki, a tace, a sake tacewa, sannan a bi da shi ta cikin wasu dogayen tankuna masu ƙwayoyin roba da ke tsince ragowar. Ma'aunin da muke bi shi ne kada dattin ya wuce kashi 20 cikin biliyan. Ki ƙiyasta: ƙasa da giram ɗaya a tankar ruwa guda. Kowane zubin ma'aikata sai ɗakin gwaji ya auna, dare da rana.

Daga nan ruwan ya shiga akwatunan wuta. Kowane akwati ɗaki biyu ne siriri, tsakaninsu wani tantani mai kama da leda. Ɗaki ɗaya yana da farantin taitaniyom da aka shafe da wasu ƙarafa masu tsadar gaske, nan ruwan gishiri ke shiga, nan kulorin ke fita. Ɗaya ɗakin farantin nikel ne, nan haidurojin ke tashi. Shi gishiri haɗin sodiyom ne da kulorin. Aikin tantanin shi ne ya bar sodiyom kaɗai ya ƙetara, ya tare sauran. Da sodiyom ya ƙetara sai ya haɗu da abin da wuta ta bari na ruwa, ya zama kostik. Abin da ya faru da ƙanina shi ne babu tantani a kofinsa, kostik ɗin da kulorin ɗin suka cakuɗe suka zama haifo. Akwatunan nan jere su ake yi, fiye da ɗari a layi ɗaya, zafinsu kusan digiri 90. Tantanin kansa kamfanoni 'yan ƙalilan ne ke yin sa a duniya, yawanci a Japan da Amurka, kuma bayan kamar shekara huɗu sai an canza.

Abin da ke fitowa ruwa ne mai ƙarfin kashi 32 cikin ɗari. Sai a dafa shi da tururi ya kai kashi 50, a haka manyan kamfanoni ke saye a tanka. Wanda kike saye a buhu kuwa sai an ci gaba da ƙona shi har ruwan ya ƙare kaf, ya zama narkakke a zafin da ya haura digiri 300, a tukwanen nikel don ƙarfe ba ya jurewa. Sannan a zuba shi kan wani ganga mai sanyi da ke juyawa, wuƙa na kankare shi, shi ne mai fale-falen nan. Mai ƙwaya kamar takin zamani kuma daga saman hasumiya ake yayyafo shi ya daskare kafin ya sauko.

Uwar Biyu: Ikon Allah. Injiniya, Allah ya ƙara basira. To wutar fa, kamar yunit nawa? Mu mitar kati muke da ita, da yunit na fi ganewa.

Malamin Kimiyya: Injiniya, ka ba ni dama in amsa wannan, don lissafin da nake koya wa yara ne a allo. Wannan lissafi ba ya karɓar ciniki. Kowane giram 40 na kostik sai an tura masa wutar da ta kai amfiya 26.8 na tsawon awa guda. Tan ɗaya ke nan yana son amfiya-awa 670,000. Kowane akwati yana aiki a kan bolt 3 ko kusa da haka. In kin ninka za ki samu yunit 2,000 da 'yan kai. Ki ƙara asarar da ba a rasawa, da famfuna, da na'urar da ke juya wutar layi ta koma irin ta batir, sai ki ce yunit 2,300 a kan tan ɗaya.

Yanzu mu kawo shi gida. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da wutar lantarki ta kai yunit ɗin rukunin Band A, wato masu samun wuta fiye da kowa, naira 225, daga baya aka ɗan rage amma ya tsaya sama da 200. Mu ɗauka 210. Tan ɗaya zai ci wutar naira 483,000. Buhu 40 ne a tan, ke nan kowane buhu yana ɗauke da wutar kusan naira 12,000, kuma har yanzu ruwa-ruwa ne, ba a busar ba, ba a sayi gishiri ba, ba a biya ma'aikaci ba. In janareta za a tayar, lita ɗaya ta dizal yunit uku da ɗan abu take bayarwa, wato wajen lita 700 a tan, lita 17 ko 18 a buhu. Gishiri kuma tan ɗaya da rabi ne a kan kowane tan na kostik, ko ya ɗan fi.

Alhaji Dila: Malam, lissafinka ya yi, amma ni bai gamsar da ni ba. Naira 12,000 a buhu ai bai kai abin da ake sayar da buhun yanzu ba, ko kusa. Ko ka ninka shi biyu akwai sauran riba. Kuma ba sai mun biya jirgin ruwa da kwastan ba. To ashe maganar Hajiya na kan hanya. Ni in da mai zuba jari zai fito, da ni a ciki.

Injiniya: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ba ka yi kuskure ba cewa a kan takarda akwai rata. Amma abu biyu ne takardar ba ta nuna ba.

Na ɗaya, irin wutar. Masana'antar da ke fitar da tan 100 a rana, wadda a duniyar wannan sana'a ƙarama ce, tana jan kusan megawat 10 ba ƙiftawa. Duk ƙasar nan abin da ake rabawa a layi yana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Kuma akwatunan nan ba sa son a ɗauke wuta. In ta ɗauke ba shiri, kulorin ɗin da ke cikin ruwa yana juyowa ya ci farantin, tantanin ya yi ƙuraje. Na taɓa ganin dare ɗaya da wuta ta katse mana na 'yan mintuna. Ƙararrawa ta ɗauka, kowa ya ja abin rufe fuska daga ƙugunsa, muka ruga muna buɗe layin da ke kai iskar tankin da ke shanye ta. Ba wanda ya ji ciwo, amma sai da muka kwana biyu kafin layin ya dawo daidai, kuma da aka buɗe akwatunan daga baya na riƙe tantani ɗaya a hannuna ya yi bororo kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa. Shi ya sa duk mai irin wannan masana'anta ko dai yana da tashar wutarsa ta gas, ko yana maƙwabtaka da babbar madatsar ruwa. Kuɗin wuta shi ne kusan rabin kuɗin aikin gaba ɗaya, wani wurin ma ya fi.

Na biyu shi ne wanda ya fi kashe maganar, kulorin. Ba zaɓi ba ne. Duk tan ɗaya na kostik yana zuwa da kilo 886 na kulorin da kilo 25 na haidurojin, kamar yadda ba ka yanka sa ka ce nama kaɗai kake so ban da fata da kayan ciki. Bambancin shi ne ita wannan fatar ba ta ajiyuwa, ba a zubar da ita, kuma safararta a tanka hatsari ne babba. Masu tan 100 a rana kullum gari ya waye suna da tan 88 na kulorin da dole ya samu mai saye a ranar. A ƙasashen da ke yin kostik, mafi girman mai sayen nan shi ne kamfanin robar PVC, wadda ake bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita, kuma galibi katanga ɗaya ce tsakaninsu, bututu ne ke kai iskar. Su a wurinsu kuɗin wutar nan kaya biyu ne ke raba shi. Mu in ba mu da mai sayen kulorin, kostik ne zai ɗauki kuɗin duka, har da na kashe kulorin ɗin.

Wannan ne ma ya sa farashinsa ke da wata ɗabi'a. In gine-gine suka ja baya a duniya, aka rage sayen PVC, masana'antu na rage aiki, sai kostik ya yi ƙaranci ya yi tsada alhali ba abin da ya haɗa shi da gini. A 2022 da wuta ta yi tsada a Turai bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, masana'antunsu suka rage aiki, farashi ya haura har ya taɓo mu. Sin kaɗai ke yin kusan rabin na duniya, don haka abin da ya samu wutarsu da gininsu yana zuwa har rumfarka. Dala gaskiya ce, amma a bayanta akwai wannan.

Ɗalibi: Yaya Injiniya na ji, kuma na daina insha Allahu. Amma ai hukumomin ruwa suna sayen kulorin. Kuma me zai hana a mayar da shi haifo a sayar? Kowane gida ana amfani da shi.

Malamin Kimiyya: Tambaya mai kyau. Matatar da ke tace lita miliyan 100 a rana, in tana zuba giram 3 a kowace lita dubu, kilo 300 kacal take buƙata. Ka gwada shi da tan 88. Haifo kuwa da kostik ake kama kulorin ɗin a yi shi, kuma adadin da yake ci daidai yake da wanda ya fito tare da shi. Wato in ka mayar da kulorinka duka haifo, ba ka da ko cokali na kostik da za ka ba Hajiya. Akwai ƙananan injuna da ake sayarwa don wannan, suna da amfani ga asibiti da gidan ruwa, amma injin haifo ne. Hanyar da ta rage ita ce a ƙona kulorin da haidurojin a samu asid, ko a haɗa shi da laim, wanda ake samu in an ƙona dutsen siminti, a yi hodar bilic. Su ma sai da kasuwarsu.

Batun sola da ka kawo: a Kano faranti mai kilowat ɗaya yana ba da wajen yunit 5 a rana. Tan ɗaya a rana yana son faranti na kusan kilowat 500, fili guda ke nan, kuma da magariba wuta ta tafi, abin da Injiniya ya ce akwatunan ba sa so.

Baba Tsohon Masaƙa: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke karanta mini tana rubuta abin da na faɗa. Na yi shekara ashirin da uku a sashen rini na wata masaƙa a Kaduna. Kostik a durom-durom ake sauke mana shi, daskararre kamar dutse, sai an fasa durom ɗin an narkar a rami. Da shi muke wanke ɗanyen yadi, da shi kuma muke jiƙa shi a ɗaure tamau don ya yi sheƙi ya kama launi. Atamfar da kuke gani tana walƙiya, aikinsa ne. Har yau akwai tabo a bayan hannuna inda ya ɗiga ta ramin safa, ban ji zafi nan take ba, sai santsi kamar sabulu, ashe fatar ce ke narkewa.

Abin da nake so in ce, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, da na Kano, ga matatar mai, ga masana'antun takarda na Jebba da sauransu, a lokacin ne ƙasar nan ke da bakin da zai ci kostik mai yawa. Yanzu yawancinsu sun rufe. Masu sabulu kuna da yawa, Allah ya yi muku albarka, amma abin da masaƙa ɗaya ke sha a wata ba na jin unguwa guda ta masu sabulu za ta sha a shekara. Injiniya, wani Ba'indiye da muka yi aiki da shi ya taɓa ce mini da zaiba ake yin mai kyaun. Haka ne?

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya ya faɗa maka a zamaninsa. Tun wajen 1890 hanya biyu ake bi. Ɗaya zaiba ce ke gudana a ƙasan akwatin tana kwashe sodiyom, kuma kostik ɗinta yana fitowa da ƙarfin kashi 50 kai tsaye, tsaf ba gishiri, shi ya sa masaƙu ke son sa. Sai dai ta fi cin wuta, kuma zaibar na tsiyaya cikin ƙasa da koguna ta shiga kifi. Ɗayar kuma shamaki ne na asbestos, nata kostik ɗin tsararo ne, kashi 11 ko 12, ga gishiri a ciki. Mai tantanin nan a Japan aka fara ta a matakin kasuwa a 1975, kuma kafin 1986 ta ƙare sun bar zaiba gaba ɗaya. Tarayyar Turai ta rufe nata a ƙarshen 2017. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina ta. Ina faɗin wannan ne don in wani ya zo wa Alhaji da tayin tsohuwar masana'anta da aka kwance daga wata ƙasa da araha, ya fara tambayar wace iri ce.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga manya. Ni kanwa nake kaiwa Kano da Maigatari, sana'ar gidanmu ce. Ina ta sauraro, duk magana a kan gishiri da wuta take. Gishiri kam akwai shi a Bilma da Fachi, amma kantu gauraye yake da datti, na dabbobi ne, beza mai kyaun kuma ba ta da yawan da za ta ciyar da inji, ga nisan hanya. Amma kanwa fa? Tana nan a ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi, ana kwasa tun kakanni. Na taɓa jin cewa kanwa da soda dangi ne. Kafin Turawa su kawo wutar lantarki, da me ake yin kostik ɗin?

Malamin Kimiyya: Malam, ka taɓo inda nake so. Dangi ne na jini. Abin da ke aiki a cikin kanwa shi ne sinadarin da ke cikin soda ash, tare da ɗan uwansa na bekin soda. Kuma tsohuwar hanyar yin kostik ba ta son wuta ko kaɗan, ba ta fitar da kulorin. Ana ƙona dutsen da ake siminti da shi, irin na Kalambaina ko Ashaka ko Malbaza, ya zama laim, a jiƙa shi, a zuba a ruwan soda mai zafi a yi ta motsawa. Sai su yi musaya: alli ya kwanta a ƙasa, ruwan da ke sama ya zama kostik. A lissafi, tan ɗaya na kostik yana son tan 1.3 na soda ash da kilo 700 na ƙonannen laim. In kanwa ce zalla ba datti, wajen tan 1.9. Har gobe kamfanonin takarda da wannan hanyar suke sabunta kostik ɗinsu, kuma a jihar Wayomin ta Amurka, inda suke da dutsen kanwa a ƙarƙashin ƙasa, an yi kostik na sayarwa da ita.

Matsalarta biyu. Kanwar kasuwa ba zalla ba ce, akwai yashi, akwai gishiri, akwai wani gishirin mai ɗaci, kuma kowane rami da irin tasa, ungurnu daban, jar kanwa daban. Sannan ruwan da ke fitowa tsararo ne, kashi 10 zuwa 12. In kika tsoma ma'aunin nan naku na gilashi mai nuna ƙarfin ruwan kostik, Hajiya, zai tsaya wajen 1110 zuwa 1130, ku kuma 1275 kuke nema, wanda shi ne kusan kashi 25. Kafin a kai can sai an ƙone tan 4 zuwa 6 na ruwa a kan kowane tan na kostik.

Injiniya: To ka ga inda kuɗin ya koma, Malam. An gudu daga kuɗin lantarki an faɗa na itace, a yankin da bishiya ke ƙaranci. Ni ban ga riba a nan ba.

Malamin Kimiyya: In busasshe na buhu ake nema, na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma mai sabulu ba busasshe take amfani da shi ba, narkar da shi take yi. Kuma ba dole sai sabulun sanyi ba. Sabulun dafawa, wanda ake tafasa mai da ruwan soda a hankali sannan a watsa gishiri sabulun ya taso sama, da tsararon ruwa ake fara shi. Iyayenmu da ruwan toka suka yi sabulun salo, wanda bai kai wannan ƙarfi ba. Ban ce zai fi araha ba, cewa na yi ya cancanci a auna.

Injiniya: Wannan kam na sallama. A auna ɗin. Amma a ɗakin gwaji, da tabarau da safar hannu, ba a tsakar gida ba.

Uwar Biyu: Wallahi na ƙaru, ko da yake jikina ya yi sanyi. Da kuna magana na ɗauko littafin da nake rubuta kashe-kashena na duba. A kilo 100 na man alayyadi kostik kilo 17 zuwa 18 nake sawa, in manja ne wajen 14, man kaɗanya bai ma kai haka ba. Ashe kuɗin mai ne ke cinye ni, ya ninka na kostik sau da yawa, amma shi kostik ɗin da yake a dunƙule nake sayen sa shi ya fi yi mini ciwo.

Kuma akwai asarar da ni na jawo. Daminar bara na buɗe buhu na ɗiba, na naɗe bakin kawai na jingine shi a bayan ƙofar kicin. Bayan sati biyu na zo na tarar ƙasan ya jiƙe sharkaf, ya ci simintin wurin ya yi fari, saman kuma ya yi ɓawo kamar busasshen koko. Na yi amfani da shi a haka don ba ni da wani. Sabulun ya ƙi kamawa, kwana huɗu yana nan kamar man shanu a cikin katako, mai na tsattsafowa ta gefe. Man jarka biyu ya tafi. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, don kuɗin makarantar yara ne a ciki.

Malamin Kimiyya: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Abin da ya faru shi ne yana jan danshi daga iska, sannan yana jan iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya koma soda ash, wato ya koma dangin kanwa. Farin ɓawon nan shi ne. Da an buɗe buhu a juye shi a bokitin roba mai murfi mai kamawa. Kada a sa shi a tukunyar alminiyom, cinye ta yake yi yana fitar da haidurojin. Kuma kullum shi ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa ake zuba masa ba.

Anti Nas: Tun ɗazu nake jiran a zo nan. Ni ma ina sabulun ruwa in na taso daga aiki, amma abin da nake gani a sashen yara ya sa dole in yi magana. Ruwan kostik ba shi da launi ba shi da wari. Mace ta jiƙa shi tun dare a robar lemo ko kofin sha ta ajiye a ƙasa, yaro ya tashi da ƙishi. Na riƙe yarinya 'yar shekara uku da hakan ta faru da ita, leɓenta ya kumbura, yawu na zuba, bayan makonni maƙogwaron ya tsuke ko kunu ba ya wucewa, sai ta tiyo a ciki ake ba ta abinci. Don Allah a jiƙa shi a bokiti mai murfi, a yi masa alama, a kulle ɗaki. In tsautsayi ya faru kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko lemon tsami, a wanke bakin a tafi asibiti nan take da ragowar abin da ya sha. In a ido ne ko fata, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti ashirin kafin a kama hanya.

Alhaji Dila: Allah ya kiyaye mana zuri'a. Injiniya, tambaya ta ƙarshe, don ni har yanzu raina bai fita ba. Wanda zai yi da gaske, nawa zai tanada, kuma a ina?

Injiniya: Ta tan 100 a rana maganar gomman miliyoyin daloli ce, kafin tashar wuta. Wuri kuma inda abu uku suka haɗu: gas mai araha, tashar jirgin ruwa da za a sauke gishiri, don ko na miyarmu yawancinsa daga waje ake kawo ɗanyensa, irin su Namibiya da Barazil, sai kuma kamfanin da zai sha kulorin a maƙwabta. Ka ga bakin teku ke nan. Kamfanonin roba na Eleme da Lekki da muke da su irin robar da suke yi ba ta cin kulorin. Ranar da aka kafa na PVC, kostik zai biyo shi ko ba a roƙa ba.

Alhaji Dila: To shi ke nan. Abin da ke hannuna shi ne wannan: in masu saye suka haɗu suka kai buhu 40 a tashi ɗaya, zan bayar a farashin da nake ba 'yan sari, kuma a buɗe buhu ɗaya a gwada a gabanku kafin a biya.

Shugabar Zaure: Mun gode Alhaji, mun gode malamai. Mai so ta rubuta sunanta da adadin buhu a ƙarƙashin wannan saƙon kafin Juma'a. Wadda ba ta iya buhu guda ta nemi abokiyar rabawa, amma kowa ta zo da bokitinta mai murfi, ba za a raba a leda ba.

Uwar Biyu: Ni buhu biyu. Malam, in kun tashi gwajin kanwar ina so a gwada da man alayyadi, zan bayar da lita biyar.

Ɗan Damagaram: Malam, wace iri zan aiko, kuma nawa?

Malamin Kimiyya: Kowace iri kake da ita, kilo biyu-biyu, kowace a ledarta, ka rubuta sunan wurin da aka haƙo ta a jiki. Laim zan nema a nan Zariya. Ka ba direban motar ranar Alhamis, ka turo mini lambarsa ta akwatin sirri.